Wane aisi zan saka a na'urar auna zafin tumatir, kuma ina zan samu na gaske a Legas?

Wani matashi ne mazaunin Agege ya aiko da tambayar. Ya karanta injiniyan lantarki, yayansa kuma dillalin kayan gwari ne a Mile 12. Ga abin da ya ce a taƙaice: "Injiniya, ina so in haɗa 'yar na'ura kamar akwatin ashana, a jefa ta cikin kwandon tumatir tun daga Kano, ta riƙa auna zafi duk minti goma har mota ta iso Legas, sannan a karanta da waya. Na gwada da ESP32 da batir 18650, kwana biyu batirin ya ƙare. Ni kuwa so nake batirin agogo ya kai ta shekara. Wane maikrokontirola zan ɗauka, kuma ina zan samu wanda ba jabu ba?"

Ƙanina, tunaninka ya yi, kuma abu ne mai yiwuwa. Amma ajiye maganar sunan aisi tukuna, wato maikrokontirolar da za ta zama ƙwaƙwalwar na'urar, ɗauko biro da takarda.

Batirin da kake nufi shi ne CR2032, mai faɗin milimita 20 da kaurin 3.2. Sabo, na kamfanin kirki, yana ɗauke da wajen mAh 220 (mAh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa). Shekara kuma awa 8,760 ce. In ka raba za ka samu miliamfiya (mA) 0.025, wato maikro'amfiya (µA) 25, tunda µA dubu ne mA ɗaya. Kada ka ma dogara da 220 ɗin nan, domin zafin ƙarƙashin tamfol zai ci nasa, batirin ya daɗe a shago kafin ya zo hannunka, kuma na'urarka za ta daina aiki tun kafin ya tsotse ƙarƙaf. Yi lissafi da 150. Ka ga ya rage maka µA 17. Wannan shi ne kuɗin cefanen gidan gaba ɗaya: aisi, sensa, rediyo, da duk wata ɓaraka da wuta ke zurarewa ta cikinta, kowa a nan zai ci. Rubuta 17 ɗin nan a saman takardar ka zagaye ta, domin duk abin da za mu faɗa a gaba da ita za a auna shi.

To yanzu duba lokacin da na'urar take a farke. A ce duk minti goma tana tashi, ta yi aikin milisakan 20 tana jan mA 3, ta koma ta kwanta. In ka baje wannan a kan sakan 600, µA 0.1 kacal ke nan. Bai kai a yi maganarsa ba. Ma'ana, a irin wannan aiki gudun aisi da yawan megahaz ɗinsa ba su ne abin dubawa ba. Na'urarka mai barci ce, sama da kashi 99 cikin 100 na rayuwarta a kwance za ta yi. Abin tambaya shi ne nawa fanel ɗin gaba ɗaya, wato allon da aka liƙa aisi da sauran kaya a kai, yake sha alhali yana barci. Na ce fanel gaba ɗaya, ban ce aisi kaɗai ba, kuma nan ne yawancin masu farawa suke tuntuɓe.

Batirinka ya mutu a kwana biyu, ni ban yi mamaki ba. Ina kyautata zaton delay() ka sa tsakanin awo da awo. Wannan umarni ba ya kwantar da aisi, zaune yake ido buɗe yana ƙirga lokaci, yana jan abin da ya kai mA 50. Batir 18650 na gaskiya mai mAh 2,500 in ka raba shi da 50, awa 50 ke nan. Ga kwana biyunka. Da ka sa shi barci mai nauyi, takardar Espressif, kamfanin da ke yin sa, ta ce aisin ESP32 kansa yana sauka zuwa wajen µA 10. Amma je ka auna fanel ɗin gwaji da ka saya, irin mai ramin USB ɗin nan, za ka ga miliamfiya da yawa yake ja ko yana barci. Masu laifin suna nan a fili. Akwai regileta AMS1117 mai daidaita ƙarfin wuta, 'yar baƙa mai ƙafa uku da faffaɗan kunne, wadda ita kaɗai take shan wajen mA 5 ko ba ta ciyar da kowa. Akwai jan ƙwan da ke nuna wuta ta shigo. Akwai aisin USB, CP2102 ko CH340. Regiletar nan kaɗai za ta shanye CR2032 a awa 44.

Ko da ka cire su duka, ESP32 da batirin agogo ba sa zama inuwa ɗaya. Lokacin da yake aikawa ta Wi-Fi yana iya figar mA 240, ta Bluetooth ma sama da mA 100. CR2032 kuwa an yi shi ne don ya riƙa ɗigowa da kimanin mA 0.2, yana iya jure figar mA 10 zuwa 15 na ɗan ƙiftawar ido, amma fiye da haka ƙarfinsa zubewa yake, aisin ya mutu ya sake tashi, ya sake mutuwa. ESP32 aisi ne mai kyau, ina amfani da shi a duk inda ake da sola ko babban batir. Wannan aikin ne dai ba nasa ba.

Tun da muna kan maganar ɓaraka, bari in nuna maka ƙananan da ba a gani. Rezisto mai 10k da ka ɗaura wa maɓalli, in maɓallin ya zauna a danne a kan bolt 3, µA 300 ke bi ta cikinsa. Rezisto biyu masu 100k da ake jerawa don auna ƙarfin batir suna shan µA 15 dare da rana, kusan cefanenka duka. Ƙafar aisi da aka bari tana lilo, ba a ɗaure ta sama ko ƙasa ba, ita ma tana ja, kuma jan nata yana canzawa in ka kusantar da yatsa. A aisin ATmega328P in ka manta ba ka kashe sashen ADC mai mayar da awon wuta zuwa lamba ba kafin barci, sama da µA 100 sun tafi. Mai gadin faɗuwar wuta na cikinsa kuma yana cin wajen 20. In dole sai ka sa regileta, nemi irin su MCP1700 mai shan µA 1.6 ko HT7333 mai wajen 4. Amma da CR2032 ba ka buƙatarta sam, domin aisin da zan ba ka shawararsu duk suna aiki kai tsaye daga bolt 3.6 har ƙasa da 2.

Yadda za a karanta bayanan shi ne zai zaɓa maka aisi, ba ni ba. Hanya uku ce: a soka waya ta USB, a kara wayar salula ta NFC, ko Bluetooth mai ƙarancin shan wuta. Ka san Mile 12 da asuba lokacin sauke kaya, da caɓi da ihun 'yan dako da kwanduna ɗaruruwa. Ba wanda zai tsaya neman igiyar USB, ramin kuma ƙofa ce ta ruwa. NFC na da daɗi don ba ya cin batir, sai dai yawancin wayoyi masu araha da ke hannun dillalai ba su da shi. Bluetooth kuwa kowace babbar waya tana da shi, kuma zai taimaka wajen gano kwandon da na'urar take ciki. Saboda haka ni da zan yi wannan aiki, nRF52832 na kamfanin Nordic Semiconductor da ke ƙasar Norwe zan ɗauka. Cortex-M4 ne mai gudun MHz 64, da ma'ajiyar filash KB 512 da RAM KB 64, yana aiki daga bolt 1.7 zuwa 3.6. In yana barci agogonsa na tafiya, wajen µA 2 yake sha. In rediyonsa na aikawa, mA 5 da ɗoriya, wanda batirin agogo zai iya ɗauka, musamman in ka jingina masa kafasito babba a gefe. Ƙaninsa nRF52810 mai filash KB 192 da RAM KB 24 ya fi araha, kuma zai isar maka.

Rediyon ne zai fi kowa ci. Na'urar Bluetooth tana yin shela ne lokaci-lokaci, tana cewa ga ni nan. In tana yi duk sakan biyu, lissafa mata µA 6 ko kusa da haka. Haɗa da 2 na barci da abin da bai kai 1 ba na sensa, ka ga ba ka kai 10 ba, kana cikin 17 ɗinka da rara. In ka matsa shelar zuwa sau goma a sakan don waya ta gan ta da wuri, shekararka ta koma wata biyu zuwa uku. Nordic suna da na'urar lissafi a shafinsu na intanet da za ka saka tazarar shela ta ba ka adadin, yi amfani da ita. Ka kuma tuna cewa tumatir sama da kashi 90 cikin 100 ruwa ne, ruwa kuma yana shanye siginar GHz 2.4. Na'urar da ke binne a tsakiyar lodi ba za ta yi magana da wayar direba ba. Sai an fara sauke kaya za a ji ta. Faɗa wa yayanka wannan tun yanzu, kada ya je ya yi wa abokan sana'arsa alkawarin abin da ba zai yiwu ba. In kuma ya ce yana so ya riƙa ganin zafin daga Legas alhali mota tana Jebba, to wannan wani aikin ne daban, na layin waya. SIM800L, abin da ake saka wa layin waya, shi kaɗai yana figar amfiya 2 in yana neman sabis, ka ga an bar maganar akwatin ashana.

Kada ka sayi nRF52 tsirara ka ce za ka zana masa eriya. Zanen eriya sana'a ce mai zaman kanta, kuskuren milimita ɗaya yana rage nisa, kuma ba ka da kayan auna ta. Sayi modul, wato aisin da aka riga aka ɗora a ɗan ƙaramin fanel da eriyarsa da murfin ƙarfe. Raytac MDBT42Q milimita 10 ne da 16, bai kai kan yatsa ba. Ebyte da Fanstel da Minew ma suna yi. Abu biyu za ka duba a takardar kowane modul kafin ka biya: ko yana ɗauke da kiristal ɗin agogo mai kHz 32.768, da kuma ko an sa masa ɗan nadin waya da sashen DC-DC mai tattalin wuta ke buƙata. Wasu suna barin su don rage kuɗi, sai kai ka ƙara a naka fanel. In babu nadin nan, wutar da rediyo ke ja tana kusan ninkawa.

Kiristal ɗin ba ado ba ne. Amfanin na'urarka shi ne ta ce da ƙarfe kaza na ranar kaza zafi ya haura, don a san ko a gosulo ne kayan suka dahu ko direba ne ya yi fakin cikin rana. Kiristal mai kuskuren ppm 20, wato kashi 20 cikin miliyan, yana kaucewa da ƙasa da sakan 2 a yini. Agogon cikin gida na wasu ƙananan aisi yana iya kaucewa da kashi 5 cikin 100, wato minti 72 a yini. Da irin wannan ba za ka iya raba gardama tsakanin dillali da direba ba.

In da ba ka buƙatar rediyo, da zaɓin ya fi faɗi. STM32L0 na STMicroelectronics, irin su L031, Cortex-M0+ ne mai MHz 32, barcinsa da agogo wajen µA 1, kuma yana da EEPROM na gaske a ciki, wato ma'ajiyar da ba ta gogewa ko wuta ta ɗauke. ATtiny1616 na Microchip, kamfanin da ya sayi Atmel a 2016, yana da filash KB 16 da RAM KB 2, da waya ɗaya ake loda masa kod, kuma wanda ya saba da Arduino ba zai sha wuya ba. MSP430 na Texas Instruments tsohon hannu ne a wannan fage, masu harafin FR suna da ma'ajiyar FRAM da za ka yi ta rubutu a kanta ba ta gajiya. Duk ukun nan ba wanda za ka ɗauka ka yi nadama, kuma bambancin rabin maikro'amfiya da ke tsakaninsu bai kai a ɓata dare a kansa ba. Wanda ka iya, kake da abin loda masa kod, kake iya samunsa gobe, shi ne naka.

Akwai waɗanda za a ba ka shawararsu saboda sun cika gari. RP2040 na Raspberry Pi, wanda ya fito a 2021, ko a barcinsa mafi nauyi yana shan wajen µA 180, ya fita. STM32F103 na fanel ɗin Blue Pill ba don batir aka yi shi ba. CH32V003 na kamfanin WCH kuɗinsa wajen santi 10 na dala, abin sha'awa ne ƙwarai ga kayan da ke jikin wuta, amma barcinsa wajen µA 10 ne, sama da rabin cefanenka, ga shi ba rediyo.

Sensa kuma, na san DS18B20 ce a hannunka, don ita kowa ke da ita. Takardarta ta ce ba ta aiki ƙasa da bolt 3.0, batirin agogo kuwa da an ɗan mora shi yake sauka ƙasa da haka ya zauna can. Za ta iya ci gaba da ba ka lamba, amma ba wanda ya lamunce maka gaskiyar lambar. Ɗauki TMP102 mai aiki daga bolt 1.4, ko SHT40 in kana son auna laima ma, wanda a harkar tumatir zai yi amfani. Wurin ajiya ba matsala ba ne: awo 144 a yini, bayit biyu kowanne, bayit 288 ke nan, wata guda bai kai KB 9 ba. Tara su a RAM, ka riƙa juyewa cikin filash lokaci-lokaci, domin filash ɗin nRF52 sau 10,000 aka lamunce a goge kowane shafinsa.

Mu zo kan saye, wanda a wurina ya fi zaɓen wuya.

Computer Village a Ikeja, da Alaba International a Ojo, da masu kayan lantarki na Oshodi, nan za ka samu rezisto, kafasito, dalma, mita, bulowa, fanel ɗin Arduino da ESP32, ka biya ka dawo gida da su a ranar. Daga Agege zuwa Ikeja ma ba nisa. Amma ɗan kasuwa abin da ke tafiya yake ajiyewa, masu gyaran waya da talabijin da inbata da ɗalibai masu furojet su ne kwastomominsa. Da wuya ka tarar da STM32L0 ko modul ɗin nRF52 a kan kanta. Za a ce maka zauna a kawo, yaro ya fita ya dawo da wani abu mai kama da shi, a ce ai duk ɗaya ne. A wannan aikin ba ɗaya ba ne. Harafi guda a ƙarshen lambar aisi yana iya canza yawan ma'ajiya, ko siffar jiki, ko zafin da yake jurewa. Rubuta cikakkiyar lambar a takarda, kada ka karɓi wadda ta bambanta ko da harafi ɗaya sai ka buɗe takardar bayanansa ka gani.

Na gaske ba tare da fargaba ba yana wurin dillalan da kamfanonin suka amince da su, irin su Mouser da DigiKey a Amurka. Suna aikowa Najeriya, sai dai in kayan kaɗan ne kuɗin jirgi da na kwastam sukan fi kuɗin kayan. Dabarar ita ce ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi oda ɗaya. Sai LCSC a Shenzhen ta ƙasar Sin, wanda yake tare da JLCPCB masu buga fanel. Nan ne na fi ba wa mai ƙaramin jari shawara, domin za ka iya aika zanenka su buga fanel ɗin su kuma ɗora kayan da injinsu, ya iso maka a haɗe. Wannan yana canza yadda ake zane: kafin ka ja layi ɗaya, buɗe rumbunsu ka ga me suke da shi da yawa, ka yi zanen a kansa. Na ga masu zane da suka gama komai tsaf, sannan suka tarar aisin da suka gina gida a kansa saura guda bakwai a duniya. Shafin Octopart yana nuna maka dillalai nawa ne ke da kaya da adadinsa. In dillali ɗaya ne kawai, ko an rubuta NRND a gefensa, wato kamfanin ba ya son a fara sabon aiki da shi, wuce. STMicroelectronics suna da alkawarin ci gaba da buga STM32 na aƙalla shekara 10, irin wannan alkawari ya fi ragin 'yan santi daraja.

AliExpress kasuwa ce, kowa da shagonsa, akwai na kirki akwai akasin haka. Don guda biyu na gwaji ba laifi. Don kayan da za ka sayar wa mutane da sunanka, araha ba ta ado.

Na koyi wannan ne a 2021, lokacin da aisi ya yi ƙaranci a duniya har manyan dillalai suna rubuta a jira mako 52. Ina da aikin da ya matse ni, na sayi ATmega328P guda hamsin a wurin wani mai sayarwa a intanet. Sun iso cikin leda, ba a faifan kamfani ba. Na loda kod ya shiga, ƙwai ya yi ƙyafta-ƙyafta, lambar shaidarsa ta fito daidai, 0x1E950F. Na liƙa ashirin. Sai da na sa mita a layin batir na kwantar da na farko, maimakon ƙasa da µA 1 sai na ga sama da ɗari. Na zargi kod ɗina, na kwana ina kashe sassa ɗaya bayan ɗaya. Da gari ya waye na ciro wani tsohon aisi daga fanel ɗin da na san asalinsa, na ɗora a gurbin, kod bai canza ba, mita ta faɗi ƙasa warwas. Na ɗauko auduga na tsoma a asiton na goga bayan ɗaya daga cikin sababbin, audugar ta yi baƙi, rubutun ya dushe. A ƙarƙashin madubin ƙara girma ƙafafun wasu har da guntun tsohuwar dalma. Abin da ya sa na ba ka labarin shi ne jabun aisi yakan yi duk abin da kake gani da ido daidai. A barci ne asirinsa ke tonuwa, barcin kuma shi ne abin da ka biya kuɗi dominsa.

Ka bambanta jabu da ɗan wani gida. GD32 na GigaDevice da APM32 na Geehy kamfanoni ne masu sunansu da takardunsu, suna yin aisi masu kama da STM32F103, in ka saye su da sunansu ka san abin da ka saya. Matsala ita ce wanda aka kankare sunansa aka buga na wani. DS18B20 ma ta sha wannan, kwaikwayonta ya yi yawa a kasuwa.

Saboda haka duk kayan da suka iso, kafin ka liƙa su duka, ɗauki uku ka auna barcinsu. Awon ma yana da tarko. Mita mai araha in ka juya ta zuwa µA tana saka rezisto babba a hanya, sau da yawa om 100. Na'ura ta farka ta ja mA 10, bolt 1 ya faɗi a cikin mitar, aisi ya mutu, ka yi ta zargin abin da ba shi da laifi. Haɗa bakin wayoyin mitar biyu da guntuwar waya, bari na'urar ta tashi ta kwanta, sannan ka zare guntuwar ka karanta. Cire abin loda kod, ka kuma cire batir ka mayar kafin awo, domin STM32 da nRF52 sukan bar sashen binciken kod a kunne bayan lodi, sai ka ga adadin da zai tayar maka da hankali a banza. In aikin ya fara kawo kuɗi, sayi Power Profiler Kit II na Nordic. Yana auna daga ƙasa da µA 1 har amfiya 1, yana zana maka kowace farkawa a allon kwamfuta, gani ya kori ji. Ka kuma sani adadin da ke shafin farko na takardar aisi a zafin digiri 25 aka auna. Cikin mota a rana ya wuce haka, wutar barci kuma tana hawa da zafi. Nemi jadawalin da ke can tsakiyar takardar.

Laimar Legas ita ma tana da nata. Ragowar man dalma da aka bari a fanel in ya sha danshi yakan zama hanyar wuta, ya ci maka 'yan maikro'amfiya, ya kuma hana kiristal tashi. Wanke fanel da sifirit mai tsabta da burushi, ya bushe sarai, sannan ka shafa masa abin kariya, ka bar bakin sensa da wurin zaman batir. Modul da ƙananan aisi marasa ƙafa suna zuwa cikin jaka a rufe da katin nuna danshi. Masu alamar MSL 3 awa 168 aka ba su a waje bayan an buɗe, shi ma in laima ba ta wuce kashi 60 cikin 100 ba, abin da Legas ba ta cika yi wa mutum alfarmarsa ba. In suka sha danshi ka hura musu bulowa, ruwan ciki yana iya fasa su kamar gugguru. Kada ka buɗe jaka sai ranar aiki, ragowar ka rufe su da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi.

Maganar ƙanƙanta, kada son akwatin ashana ya kai ka ga abin da hannunka ba zai iya ba. Batirin da mazauninsa su ne mafi girma a fanel ɗin, sun haura milimita 20, don haka rage aisi daga milimita 7 zuwa 3 ba zai rage girman akwati ba. SOIC mai tazarar ƙafa 1.27 da TSSOP mai 0.65 ana liƙa su da ƙarfen dalma. QFN sai da bulowa. Masu ƙwallaye a ƙarƙashi, BGA da WLCSP, bar wa inji. Ka bar ɗigo huɗu a fanel don loda kod, da wuri ɗaya da za ka iya yanke layin batir ka sa mita. In kuma lissafi ya ƙi, CR2450 yana da wajen mAh 600, faɗinsa milimita 24.5 ne kawai. Batir dai a nan gida za ka saya, domin aiko da lithiyam ta jirgin sama yana da ƙa'idoji masu tsauri. Sayi mai suna a katinsa, ka duba ranar lalacewa, ka sadaukar da ɗaya: ɗaura masa rezisto 15k, wanda zai ja mA 0.2, ka riƙa aunawa. Na kirki zai haura wata guda kafin ya sauka bolt 2. Ranar da za ka fara sayarwa da yawa, akwai izinin hukumar sadarwa ta NCC na kayan da ke da rediyo da takardar shaidar inganci ta SONCAP ta shigo da kaya, amma wannan sai an kai can.

Ga abin da zan so ka yi a makonnin nan. Yi odar modul ɗin nRF52832 guda biyar da TMP102 ko SHT40 guda biyar daga dillalin da aka sani, da abin loda kod ta SWD, hanyar da nRF52 ke karɓar kod. Kada ka zana fanel tukuna. Liƙa modul ɗaya da sensa da mazaunin batir a fanel mai huda-huda, ba ƙwai ba regileta. Rubuta kod da ba ya komai sai barci, ka auna har sai ka ga abin da bai wuce µA 3 ba. Ƙara sensa ka sake aunawa, ƙara shela ka sake aunawa, kana rubuta kowane adadi a ƙarƙashin 17 ɗin nan. In jimla ta tsaya ƙasa da 12, nannaɗe shi a leda mai kauri, ka ba yayanka ya aika da shi Kano a dawo da shi cikin kwando. Turo mini adadin da mita ta nuna da hoton abin bayan ya sha hanya, sai mu zauna kan zanen fanel.